'Yan Aiken da Ke Yawo Cikin Jini: Darasi a Kan Homon da Maɓuɓɓugansu

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da ake nufi da homon, da yadda saƙonsa ya bambanta da na jijiya;
2. nuna a jikinsa inda manyan maɓuɓɓugan homon suke, da aikin kowace;
3. bayyana abin da ke kawo maƙoƙo da ciwon suga;
4. yin ɗan lissafin aidin da na awon suga da kansa;
5. gane haɗarin da ke cikin sha-ka-fashe da allurar naƙuda idan babu likita a kai.

Saƙo iri biyu

Manomi a Nahuce yana cikin huɗa, ya taka ƙaya. Kafin bakinsa ya ce wash, ƙafar ta riga ta ɗaga. Wannan aikin jijiyoyin saƙo ne, waɗanda suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka. Saƙonsu kamar kiran waya yake: daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya, nan take, kuma da an gama an gama.

Manomin nan yana da ɗa mai shekara 13. Wandon da aka ɗinka masa da ƙaramar salla ya ɗage kafin babba, muryarsa ta fara fashewa, ga ƙurajen balaga a goshi. Wannan ma saƙo ne aka aika, sai dai a hankali yake tafiya, kuma ta cikin jini. Ya fi kama da mai shela da ke zaga gari. Kowane gida ya ji muryarsa, amma idan shelar ta allurar shanu ce, masu shanu kaɗai za su fito. Haka homon yake bin jini ya ratsa ko'ina, amma ba ya aiki sai a jikin ƙwayar halittar da ke da makarɓinsa, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kowane kwaɗo.

> Akwati na 1
> Homon: sinadari ne da jiki ke yi ɗan kaɗan, jini ya ɗauke shi ya kai wani sashe, ya sa sashen ya ƙara aiki ko ya rage.
> Maɓuɓɓuga: sashen jiki mai yin homon ya zuba shi kai tsaye cikin jini. A asibiti ana ce mata gilan.
> Makarɓi: wurin da homon ke maƙalewa a jikin ƙwayar halitta kafin saƙonsa ya shiga.

Akwai wasu maɓuɓɓugan da ba su cikin wannan darasi, irin masu fitar da gumi da yawu da hawaye, domin su ta ɗan bututu suke tura abin da suka yi zuwa waje. Kaluluwa ma, wadda ke fitowa a hammata ko a matse-matsi idan mutum ya ji rauni, aikinta yaƙi da cuta, ba ta yin homon.

Ilimin bai daɗe sosai ba. A 1902 wasu masana biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka yanke jijiyoyin wani sashe na hanjin kare, amma suka ga saƙo bai fasa zuwa daga hanjin ba. Nan suka gane ta jini yake bi. A 1905 Starling ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan homon, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa.

Fada da hakimai

Mutumin Nahuce ya san yadda umarni ke sauka: daga fadar Sarkin Fulanin Bungudu zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, sannan rahoto ya bi hanyar ya koma sama. Tsarin homon ma da fadarsa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna haifotalamos, shi ke sauraron halin da jiki yake ciki. A ƙarƙashinsa wata 'yar maɓuɓɓuga ke reto, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinta kamar rabin giram. Sunanta fituwitari. Ita ke aika wa maɓuɓɓugar wuya da ta saman ƙoda da gaɓoɓin haihuwa umarni.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan tsari shi ne rahoton da ke komawa. Idan homon ɗin wata maɓuɓɓuga ya yi yawa a jini, fada ta ji, sai ta rage umarni. Idan ya yi ƙaranci, ta ƙara. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai ga ta dawo sau biyu nan gaba, wajen maƙoƙo da wajen sha-ka-fashe.

> Akwati na 2
> Fituwitari: maɓuɓɓugar gindin ƙwaƙwalwa mai ba wasu maɓuɓɓugai umarni.
> Rahoton komawa: yadda yawan homon a jini ke sa a rage yinsa, ƙarancinsa kuma ya sa a ƙara.

Ban da umarni, fituwitari na sakin homon ɗin da ke aiki da kansu. Akwai homon girma, mai tsawaita ƙashin yaro. Akwai furolaktin, mai sa nono ya kawo ruwa. Akwai kuma mai riƙe ruwa, wanda kowane mai azumi ya ga aikinsa ko da bai san sunansa ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke kaiwa digiri 40, mai azumi zai lura da la'asar fitsarinsa ya ragu ya yi ja. Homon ɗin nan ne ya ce wa ƙoda ta yi tsimi, ta mayar da ruwa cikin jini. Da an sha ruwa an ƙoshi, umarnin ya janye, fitsari ya washe.

Sai oksitosin, wanda ke murɗa mahaifa lokacin naƙuda, ya kuma matso nono idan jariri ya kama. Shi ya sa mai jego ke jin mararta na murɗawa idan tana shayarwa a kwanakin farko: mahaifa ce ke tsukewa, tsukewar kuwa na rage zubar jini. Wannan na cikin dalilan da ma'aikatan lafiya ke son a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ya sha dakashi. A asibiti ana yi wa mace allurar oksitosin da zarar jariri ya fito, don tare jini. Amma a ɗirka mata ita a ɗaka tun ɗa yana ciki, wai don naƙuda ta yi sauri, ganganci ne babba, domin mahaifa na iya fashewa. Allurar kuma tana son sanyi. Wadda ta kwana biyu a kan tebur cikin zafi ƙarfinta na raguwa.

*Misali na 1.* A ɗauka wata mata daga wani ƙauyen Tsafe ta haihu a gida, ta zubar da jini da yawa har ta suma, Allah ya yi da sauran kwana. Nono ya ƙi zuwa. Shekara ta zagayo, al'ada ba ta dawo ba, kullum kasala da jin sanyi, gashin hammata ya zube. Surukarta ta ce, "Ɗiyar nan sammu aka yi mata." Me ya faru? Fituwitari na ƙara girma lokacin goyon ciki, tana bukatar jini fiye da da. Da jini ya yanke mata, wani sashenta ya mutu, umarni ya daina sauka zuwa nono da wuya da ƙwan mace. Wani likitan Birtaniya, Harold Sheehan, ya bayyana wannan ciwo a 1937. Ana gane shi da gwajin jini, ana kuma ba mace homon ɗin da ta rasa ta ci gaba da rayuwarta.

Maɓuɓɓugar wuya da labarin gishiri

A gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, akwai tayirod. Fukafukai biyu gare ta kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta wajen giram 20. Homon ɗinta shi ke tsayar da saurin da jiki ke ƙona abinci, kamar mai iza wuta a murhu. Idan ya yi ƙaranci, wuta ta yi sanyi: mutum ya yi nauyi, ya riƙa jin sanyi ana zafi, fata ta bushe, bayan gida ya yi tauri, tunani ya yi jinkiri. Idan ya yi yawa, wuta ta yi ta ci bal-bal: ga ci kamar gara amma ana ramewa, zuciya na dukan tara-tara, hannu na rawa, barci ya ƙaurace, wani lokaci idanu su firfito. Masu irin wannan sukan sha yawon neman maganin iska kafin wani ya tuna da wuyansu.

Tayirod ba ta iya yin homon sai da aidin, jiki kuwa ba ya ƙirƙirar aidin, sai an ci. Teku ce babbar ma'ajiyarsa, shi ya sa kifin teku ke da shi da yawa, ƙasashen da ke nesa da teku kuma abincinsu kan yi ƙarancinsa. Idan aidin ya yanke, homon ya ragu, fituwitari ta ji rahoto, ta yi ta aiko da umarni. Tayirod ta yi ta ƙoƙari babu kayan aiki, har ta kumbura. Kumburin nan shi ne maƙoƙo.

Gishirin da kakanni suka ci, wanda ayarin raƙuman Abzinawa ke kawowa daga Bilma, da mangul, da gallo, babu wanda ya ƙara musu aidin. Wasu abinci kuma na daɗa wa tayirod wahala idan da ma aidin ya yi ƙaranci. Rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba yana ciki, kuma binciken da aka yi a Sudan, musamman yankin Darfur, ya nuna gero ma na iya taka rawa. Kada wannan ya sa Bazamfare ya yi wa fura kallon hadarin kaji. Inda aidin ya wadata, gero bai zama abin tsoro ba.

A 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Dabara ce mai arha, domin babu gidan da ba a sa gishiri a miya. Sai dai aikin na iya lalacewa a zangon ƙarshe. Gishirin da aka farke buhunsa aka baje a faranti a kasuwa, rana ta doke shi, raɓa ta sauka a kai, aidin ɗinsa na raguwa. Gara na cikin leda wanda aka rubuta yana da aidin, a juye shi a gwangwani mai murfi, a ajiye nesa da murhu.

> Akwati na 3
> Tayirod: maɓuɓɓugar gaban wuya mai daidaita saurin aikin jiki.
> Aidin: sinadarin da tayirod ke yin homon da shi.
> Mikrogiram: kashi ɗaya cikin miliyan na giram.

*Misali na 2.* Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar mikrogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. A shekara: 150 × 365 = 54,750. A shekara 70: 54,750 × 70 = 3,832,500, wato ƙasa da giram 4. Duk aidin ɗin da mutum zai ci daga haihuwa har tsufa bai cika ƙaramin cokali ba. Yanzu a ɗauka kowane giram na gishiri na da mikrogiram 30. Wanda ya ci giram 5 a rana ya sami 5 × 30 = 150, ya cika awo. Idan rabin aidin ɗin ya tafi a faranti, 75 kawai ya samu. Maganin wannan shi ne gishiri mai kyau. Ƙara yawan gishiri hawan jini zai jawo.

Maƙoƙo shi ake gani, amma ɓarnar da ta fi girma a ɓoye take. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi na bukatar homon ɗin tayirod don ta ginu. Uwar da ta rasa aidin na iya yin ɓari, ko ta haifi yaro mai jinkirin girma da fahimta, kuma abin da ya wuce a ciki ba a gyara shi da gishiri daga baya.

Ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Wani ƙullutu ne, wani yawan aiki ne, kaɗan daga ciki daji ne. Wanzami na da sana'arsa da mutuncinsa, amma wuya ba wurin tsaga ko ƙaho ba ne, saboda jijiyoyin jini sun yi wa tayirod rumfa. Daga babban asibitin Bungudu ko na Tsafe akan tura mai irin wannan matsala Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura.

A bayan tayirod akwai wasu 'yan maɓuɓɓugai huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, masu daidaita kalsiyam na ƙashi da jini. Cikin ƙwaƙwalwa kuma akwai wata mai sakin melatonin idan duhu ya yi, ta gaya wa jiki dare ya yi. Sanin sunansu ya isa a wannan mataki.

Suga da mai tsaron ƙofa

A bayan tumbi akwai wani dogon nama mai laushi, tsawonsa kamar santimita 15, ana ce masa fankiriyas. Wasu kan kira shi saifa, amma saifa daban take, tana can hagu ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini. Yawancin fankiriyas ruwan narka abinci yake yi. Amma a warwatse cikinsa akwai 'yan tsibirai kusan miliyan ɗaya, waɗanda wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara gani a 1869. Su ke yin insulin da gulukagon.

Tuwon dawa, fura, shinkafa, rogo, burodi, duk idan sun narke suga suke komawa su shiga jini. Insulin ne ke buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka, ya kuma sa hanta ta ajiye rarar. Idan mutum ya daɗe bai ci ba, gulukagon ya je hanta ya ce a buɗe rumbu. Da wannan ja-in-ja mai lafiya ke wuni da azumi bai faɗi ba.

Awon yana da ban mamaki. Babban mutum na da jini kamar lita 5, sugan da ke yawo cikinsa duka kuwa giram 4 zuwa 5 ne, kusan ƙwayar sukari ɗaya ta mai shayi. Robar lemon kwalba mai rabin lita na ɗauke da wajen giram 50. Mai buɗa baki da ita ya jibga wa insulin ninki goma na abin da ke jininsa, a zama ɗaya.

Ciwon suga iri biyu ne manya. A nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki ya daina yin insulin, dole sai allura. A nau'i na 2, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, insulin na nan amma kwaɗon ya yi tsatsa, ga shi daga baya insulin ɗin ma ya riƙa gazawa. Ƙiba, rashin motsa jiki da gado na cikin abubuwan da ke jawo shi. Akwai kuma mai zuwa da goyon ciki. Alamun su ne yawan fitsari har da dare, ƙishin da ba ya yankewa, rama, gyambon da ya ƙi warkewa, da gani dishi-dishi. Tsofaffi sun daɗe da lura da kiyashi na taruwa inda mai ciwon ya yi fitsari, kuma sun yi gaskiya: suga ne ya yi ambaliya ta ƙoda.

Kafin 1921 yaron da nau'i na 1 ya kama ba ya daɗewa. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin a birnin Toronto na Kanada, a Janairun 1922 kuma aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa, ya farfaɗo. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon suga ta duniya.

Insulin ba ya son zafi, ba ya son daskarewa. Inda babu firiji, tukunya cikin tukunya na taimakawa: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, kwalbar kuma tana cikin mazubi mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabara don adana kayan miya.

> Akwati na 4
> Insulin: homon mai sauke sugan jini.
> Gulukagon: homon mai ɗaga sugan jini.
> Awon safe: gwajin suga bayan awa 8 ba a ci komai ba. Daga 126 zuwa sama, idan an maimaita an sake samu, ciwon suga ne. Ƙasa da 70 kuma suga ya faɗi.

*Misali na 3.* Na'urorin awon suga harshe biyu suke yi. Wata ta nuna manyan lambobi irin 126, wata ƙanana irin 7.0. Ana ninka ƙaramar lamba da 18 a sami babbar: 7.0 × 18 = 126. Wani dattijo ya dawo daga Gusau da takardar awon safe an rubuta 9.5, ya ce wa ɗansa, "Kai duba man, tara da rabi kaɗai, ai da sauƙi." Ɗan ya lissafa: 9.5 × 18 = 171. Ya ce, "Baba, wanga ya wuce awo, gobe mu koma."

*Misali na 4.* Wata Hajiya mai shan maganin suga ta ɗauki azumi. Da azahar jikinta ya kama rawa, gumi ya keto, tana ganin jiri. Aka auna, 62. Abin yi shi ne ta karya nan take da ƙwayar sukari uku a ruwa ko 'yan dabino, a sake aunawa bayan minti 15. Likitoci na ba da shawarar karyawa idan awo ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, malamai kuma sun yi ittifaƙi cewa shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Idan ta riga ta suma, ba a ɗura mata komai a baki, sai asibiti. Da ta ga likita tun cikin Sha'aban, da an gyara mata lokacin shan magani.

Hulunan ƙoda da sha-ka-fashe

Kowace ƙoda na da 'yar hula a kanta, ita ce adirinal. Cikinta na yin adirinalin, homon na firgita. Mutanen Zamfara, bayan shekarun da suka sha na rashin tsaro, ba sa bukatar dogon bayani a kansa. Ƙarar babura ce da tsakar dare, sai gaba ya faɗi, baki ya bushe, zuciya ta hau bugu, ƙafa ta sami ƙarfin da mai ita bai san yana da shi ba. Jiki ne ya kwashe jini daga ciki ya tura tsoka, ya saki suga daga hanta. Ko da ta bayyana 'yan biki ne ke komawa gida, sai an ɗan jima jiki ke daina rawa.

Ɓawon adirinal kuma na yin aldostiron, mai riƙe gishiri a jiki, da kotisol, wanda ke tashi da asuba ya shirya mutum, ya taimake shi jure ciwo da yunwa da wahala. Fargabar da ta ƙi ƙarewa wata da watanni na hana waɗannan homon hutawa, har ta taɓa barci da hawan jini da suga.

Masana sun ƙera magunguna masu kwaikwayon kotisol, irin deksametason da furedinisolon. A hannun likita suna ceton rai, wajen asma mai tsanani da wasu cututtuka. A hannun 'yan tebur kuwa sun zama sha-ka-fashe, wanda galibi haɗi ne na irin wannan magani da wani mai buɗe ciki. Amarya ta ga biki saura wata biyu, ƙawa ta ce, "Ke, haka za ki shiga ɗaki kamar sillen kara?" Ta fara sha, kumatu suka fito, kowa ya ce ta murje. Wanda ya duba da kyau zai ga abin ba ƙibar lafiya ba ce: fuska ta yi zagaye kamar faifai, ciki ya fito, cinyoyi da damatsa sun sirance, nankarwa mai duhu ta tsaga fata. Ruwa ne da kitse suka taru inda bai dace ba, tsoka kuwa narkewa take yi. A ɓoye suga da jini na hawa, ƙashi na zaizayewa, garkuwar jiki ta yi rauni. Irin wannan sinadari na cikin wasu haɗe-haɗen ciwon gaɓɓai da tsofaffi ke saye a ƙulle a leda babu suna, yana kuma cikin wasu mayukan bilicin, inda yake ratsa fata ya shiga jini.

A nan ƙa'idar rahoton komawa ke nuna haƙoranta. Fituwitari ta ga jini cike da abin da take zaton kotisol ne, sai ta daina aika umarni. Adirinal ta zauna babu aiki har ta motse. Ranar da kuɗin magani ya ƙare, ko wani ya tsorata yarinyar ta watsar da shi gaba ɗaya, jiki ya wayi gari ba na kanti ba na gida. Amai, kasala mai tsanani, faɗuwar jini, suma, har rasa rai na iya biyo baya. Saboda haka wadda ta yi makonni tana sha kada ta yanke rana ɗaya. Ta ɗauki ledar maganin ta kai wa likita, ta faɗi gaskiyar tsawon lokacin, a riƙa rage mata kaɗan-kaɗan har adirinal ta farka. 'Yan uwa kuma su rage gori, domin gorin rama ne ya kai ta tun farko.

> Akwati na 5
> Adirinal: maɓuɓɓugai biyu a saman ƙoda.
> Adirinalin: homon na firgita da gudun ceton rai.
> Kotisol: homon mai taimakon jiki jure wahala, yawansa na cutarwa, yankewarsa na kisa.

Abin da mai kiwo ya riga ya sani

Bambancin bunsuru da taure darasin homon ne cikakke. An dandaƙe taure, sai warin ya tafi, neman akuya da faɗa suka ragu, kitse ya zauna. Abin da aka raba shi da shi testostiron ne, wanda 'ya'yan maraina ke yi. Shi ne ya fasa muryar ɗan manomin nan na farkon darasi, shi zai fito masa da gemu. A jikin mace, ƙwai biyu da ke gefen mahaifa na yin istirojin da furojestiron, masu kawo balaga, su juya al'ada wata-wata, su riƙe ciki. Ƙwayoyi da alluran tazarar haihuwa kwaikwayon waɗannan ne, shi ya sa sukan canja yanayin al'ada. Tsakanin shekara 45 da 55 ƙwan mace ke ajiye aiki, al'ada ta ɗauke, wasu su riƙa jin zafi na taso musu da gumin dare. Sauyin shekaru ne, amma jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa yana bukatar a duba shi a asibiti.

Tambayoyin bita

1. Da misalin ƙaya da na mai shela, bayyana bambancin saƙon jijiya da na homon.
2. Nuna a jikinka inda fituwitari, tayirod, fankiriyas da adirinal suke.
3. Me ya sa fitsarin mai azumi ke raguwa ya yi ja da yamma?
4. Bi matakan da ke kai rashin aidin ga maƙoƙo, ka ambaci rawar fituwitari.
5. Mai ciki na cin gishiri giram 5 a rana, kowane giram da mikrogiram 30 na aidin. Nawa ta samu, nawa ya rage ta cika 250?
6. Na'ura ta nuna 11.0. Mayar da shi babbar lamba. Wata ta nuna 3.5 ga mai azumi: me za a yi?
7. Kawo alamomi huɗu na ciwon suga.
8. Me ya sa yake da haɗari a daina sha-ka-fashe rana ɗaya?
9. Mace ta zubar da jini wajen haihuwa, nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba. Wace maɓuɓɓuga ake zargi, kuma ina za a kai ta?
10. Aikin gida: duba gishirin da ake girki da shi a gidanku. A ina aka saye shi, me aka rubuta a jikin ledar, a cikin me ake ajiye shi? Kawo amsar aji mako mai zuwa.